Waiwaye: Masu Sarki da Marasa Sarki

A shekarar 2007, ba a daɗe da rantsar da Sule Lamido gwamnan Jigawa ba, gwamnatinsa ta fara biyan masu nakasa naira 7,000 duk wata. Yaron yau zai ji adadin ya yi dariya. Amma a lokacin mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 5,500 ne, sai a 2011 aka kai shi 18,000. Ke nan makaho a Sule Tankarkar ko gurgu a Gagarawa, muddin sunansa ya shiga takarda, abin da yake karɓa ya kamo albashin ƙaramin ma'aikaci. An ba kowace ƙaramar hukuma gurbin mutum 150. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, rabonsu mutum 600.

Aikin alheri ne, kuma har gobe ina yaba shi. Sai dai in aka waiwaya, za a ga wa irin wannan tsari ya fi saurin kaiwa gare shi. A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, kutare da guragu ma haka. Suna da ƙungiya, suna da mai shiga fada ya faɗi ya yi gaisuwa ya kai kukansu. Ranar da aka ce a kawo sunaye, akwai wanda zai kawo. Kuma larurarsu ido na gani, ba sai an nemi takardar likita ba.

Akwai yaron da ba shi da sarki. Ƙafafunsa lafiya, idonsa garau, kunnensa na ji, har ma ya fi so a ce ba ya ji, don ƙarar injin niƙa ko hon ɗin babur kan sa ya toshe kunnuwa ya durƙushe. Ba ya son haɗa ido da mutane. Wani bai yi magana ba sai da ya kai shekara biyar, wani kuwa yana magana tiryan-tiryan amma a kan abu ɗaya tak, kuma ba ya gane wasa ko habaici. Wannan ita ce larurar otizim, wadda gidajen rediyo kan kira galahanga. Da ita ake haihuwar mutum, a yanayin ginuwar ƙwaƙwalwarsa take, ba hauka ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da ita. Mai karatu ya ƙirga ɗaliban firamaren unguwarsu ya yi lissafi da kansa.

A garuruwanmu irin wannan yaro sunansa dolo, ko a ce iska ce ta shafe shi. Daga ruƙiyya sai hayaƙi, daga hayaƙi sai rubutun sha. Iyayen da Allah ya sa suka yi tunanin asibiti, sai sun niƙi gari zuwa Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko su nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa uwa ta fasa tafiyar don gudun bakin kishiya da maƙwabta.

Wani nauyin da ke kan iyayen irin wannan yaro shi ne kuɗin haya. To me ya haɗa larurar da hayar? Abin da ya haɗa su shi ne yadda muka gina taimakon gidaje tun farko. Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, ya ɗauki alkawarin gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara don masu ƙaramin ƙarfi. Ba a kai ko rabin abin da aka ƙudurta ba kafin sojoji su ture gwamnatin. Da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, hankali ya koma Dutse, don ma'aikatan da aka kwaso daga Kano suna neman wurin sa haƙarƙari. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cirar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Duba su ɗaya bayan ɗaya, kusan duk ƙofar shigarsu albashi ce. Mai sayar da riɗi da zoɓo, da ɗan kamasho a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, da bazawara mai ƙosai, ba su da takardar albashin da za a cire wani abu a ciki.

Gaskiya ne yawancin mutanen yankin nan a gidan gado suke. Amma 'yan haya ba kaɗan ba ne a Gumel da Maigatari: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, ɗalibai, matan da aure ya mutu, da waɗanda rabon gado ya bar su da kuɗin da ba ya sayen fili. Kuma al'adar haya a wurinmu ta shekara ce, a dunƙule, a gaba.

Na san wani gida da ya ɗanɗana wannan. Maigidan ƙaramin ma'aikaci ne, suna zaune a gidan ma'aikata ana cirar haya a albashinsa. Ɗansu na fari yana da larurar, amma kansa na ja a lissafi, har ya gama sakandare da sakamakon da ya ishe shi shiga wata kwaleji. Kowace safiya hanyarsa ɗaya ce, kofin kokonsa ɗaya ne, littattafansa kuwa a jere suke bisa taga, ba mai taɓawa. Ana cikin haka uban ya rasu. Bayan takaba takarda ta zo cewa gidan na mai aiki ne, a tashi. Uwar ta kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai yawan jama'a, kusa da mai injin markaɗe. Ba a yi wata guda ba yaron ya daina barci, ya daina zuwa darasi. Da shekara ta zagayo mai gidan hayar ya zo karɓar kuɗi, ina tsakar gidan na ji uwar tana ce masa daga bakin ƙofa, ta ja mayafi: "Alhaji, don Allah a yi mana haƙuri zuwa kaka. Kuɗin da na tara na kai wa yaron nan makaranta." Ko a wannan hali ba ta ambaci sunansa ba, ɗan fari ne. Shi kuma ya ce, "Hajiya, ni ma da shi nake ciyar da nawa iyalin." Duk cikinsu babu maƙaryaci. Ƙarshenta kuɗin rajistar zango na gaba ne ya tafi haya, karatu ya tsaya.

Ba na cikin masu cewa a yafe wa kowa haya. Mun ga abin da ɗabi'ar "kayan gwamnati ba na kowa ba ne" ta yi wa gidajen gwamnati a Arewa: a shiga, a ƙi biya, rufi ya yi yoyo babu kuɗin gyara, a ƙarshe a sayar wa masu hali. Wanda ya ƙi biyan hayar gidan jama'a alhali yana da iko, hakkin na bayansa ya ci. Haya bashi ce, dole a biya. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake karɓarta da kuma wa ake ɗaga wa ƙafa. Ga sauran yara, sauya gida wahalar mako ɗaya ce. Ga mai otizim, gidan da ya saba da shi rabin karatunsa ne.

Ta fuskar karatu an ɗan matsa gaba, a takarda dai. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce a ware musu kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Hukumar JAMB tun 2017 take da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola mai shirya wa makafi jarrabawa, daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da masu otizim. A 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 na kashewa duk wata. Amma ka lura da inda kyautar dokar ta tsaya: sakandare. Daidai lokacin da yaro zai bar malaman da suka san halinsa ya faɗa ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, ko ɗakin kwanan ɗalibai da rediyo ba ya mutuwa, nan ne aka sake masa hannu. A Ingila dokar 2014 ta tanadi cewa shirin tallafin irin wannan yaro zai iya bin sa har ya kai shekara 25, don sun gane cewa larurar ba ta ƙarewa ranar da aka gama jarrabawar fita sakandare.

Abin da yake buƙata a kwaleji ba mai tsada ba ne. Ɗakin kwana na mutum ɗaya ko biyu nesa da hayaniya. Jadawali a rubuce, in za a sauya a gaya masa tun da wuri. Ƙarin lokaci a jarrabawa, a ɗaki mai shiru. Malami guda da zai zama uban ɗakinsa, wanda zai je wurinsa in abu ya rikice. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, wadda ta samo asali tun muna tsohuwar Jihar Kano, tana da dama biyu a nan: ta karɓi irin waɗannan ɗalibai, ta kuma yaye malaman da za su gane su tun suna aji ɗaya a firamaren ƙauye. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, kuma Kano ba nisa.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, malamanmu na zaure sun riga 'yan boko sanin wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane gari na masarautar nan, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, amma in ya balaga da larurar da ta hana shi neman na kansa, nauyin bai sauka ba. Matsuguni kuwa yana cikin ciyarwa. In uba ya faɗi, wa ya gaji nauyin? Haka nan cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Gwauruwar da hayar shekara ta hau kanta saboda ta kai marayanta makaranta, in ba ta shiga wannan sahu ba, ban san wa zai shiga ba. Amma rabon zakka a wurinmu ya fi karkata ga damin gero da ɗan kuɗin cefane, ba kasafai ake tambayar wa mai gida ya ba wa'adi ba.

Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur aka kuma rufe iyaka da Nijar na tsawon watanni bayan juyin mulkin Yamai, kasuwar Maigatari ta ji jiki, haya da kuɗin mota suka tashi. Gidajen da ke riƙe da irin waɗannan yara su ne farkon durƙushewa, domin uwa ba ta iya barin yaron ta fita nema yadda take so.

Don haka kirana ga Majalisar Masarautar Gumel da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu: a sa dagatai da masu unguwanni, tare da ma'aikatan lafiya, su rubuta sunayen waɗannan yara gida-gida, yadda ake yi lokacin rigakafin shan inna, don su shiga lissafin alawus ɗin masu nakasa. Duk gidan da gwamnati za ta gina ko ta ba haya a yankin, a ware wa iyalansu kaso, a karɓi kuɗin wata-wata, kuma kada a tashe su ana tsakiyar zangon karatu. Masu gidajen haya su ma a roƙe su su raba kuɗin shekara kashi-kashi. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan yaro a layinku, kada ka jira gwamnati: ka je ka tambayi uwarsa yaushe hayarsu za ta ƙare.