Littafin Persepolis Da Aikin Da Ke Gaban 'Yan Uwa

Tsakanin 2000 da 2003 aka buga Persepolis a Faransa, littafin zane mai juzu'i 4 na Marjane Satrapi. A ciki ta ba da tarihin kanta: juyin juya halin Musulunci na 1979 ya riske ta tana makarantar Faransawa a Tehran, aka wajabta wa ɗalibai mata lulluɓi a 1980, daga baya iyayenta suka tura ta Ostiriya tana 'yar shekara 14. A 2007 aka mai da littafin fim, ya ci kyauta a bikin Cannes, gwamnatin Iran ta yi tir da shi.

Ba abin mamaki ba ne Turai ta rungume shi. Labarin gida ɗaya ne na masu hali, masu ra'ayin gurguzu, amma aka tallata shi tamkar muryar matan Iran baki ɗaya. Matan da suka fito cikin hijabi suka tunkari sojojin Shah kuwa, 'yan rakiya ne kawai a shafukansa.

Sai dai zagi ba ya amsa littafi. Cikin wuraren da suka fi taɓa mai karatu akwai inda wasu maza suka tare mahaifiyarta a titi, suka ci mutuncinta don ba ta rufe kai ba. Duk matashin da ya wulaƙanta mace da sunan addini, shi ya ba irin wannan alƙalami tawada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka wajibi ne 'yan uwa su gyara mu'amalarsu da mata, su tsaya wa karatun ƙannensu da matansu, har 'yan uwa mata su rubuta tarihinsu da hannunsu. Allah Ya sa a gane.