Waiwaye: Mai Wurno, Garin da Hijira ta Haifa

Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi, wata huɗu bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Yawancinmu nan muke rufe labarin, alhali ga waɗanda suka tsira ranar ce tafiya ta soma. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka yi gabas ta hanyar da alhazai suka daɗe suna takawa da ƙafa: yankin Tafkin Chadi, Wadai, Darfur, Kordofan, daga wannan rijiya zuwa waccan. Suka yada zango a ƙasar Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sennar, tsohon birnin sarakunan Funj. Ƙauyen Shehu Talha suka fara sauka, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da har gobe ake kira da sunan jagoransu.

Allah Ya nufe ni da zuwa Mai Wurno kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023. Daga Wad Madani ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga magudanan ruwa sun ratsa gonaki iya ganinka. Albarkar madatsar Sennar ce, wadda aka gama a 1925 domin noman auduga a yankin Jazira. Gumin Hausawa da Fulani ya zuba sosai a gonakin nan, duk da cewa da yawansu ƙwadago suka yi, suna zaune a unguwannin leburori da ake kira kanabi, ba su da filin kansu.

A cikin gari, da sanyin safiya, ƙaramin yaro zaune da allo a cinya yana wanke rubutun jiya, malam na fiƙe alƙalami. Gefe guda wani dattijo cikin farar jallabiya da rawani irin na Sudan ya amsa mini sallama da Larabci. Da ya ji harshena sai ya gyara zama.

"Ɗana, daga ina? Kano ko Sakkwato?"

"Kano, Baba."

"Madalla. Yaya damina? Gero ya yi kyau bana?"

Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma yana tambayar geronta kamar yana da gona a can. A gidansa Fillanci da Hausa da Larabci duk suna aiki. Da yamma kuwa mai agashe ya hura garwashi, ya barbaɗa garin ƙuli da yaji a kan nama, ya yanka albasa da lemun tsami. Gashin nan na mutanenmu ya zama abin marmari har a titunan Khartoum.

Na bar garin da nauyi a zuciya. Su sun riƙe mu fiye da shekara ɗari, mu kuwa mun sake su. Sai a Yuli 2022, da rikicin ƙasa da sarautar gargajiya da ya shafi Hausawa ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, ya kuma sake kunno kai a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ɗaruruwa suka rasu, dubbai suka bar gidajensu, sannan wasunmu suka fara tambaya: ashe akwai Hausawa a Sudan? Abin takaici ne ɗan'uwa ya san ɗan'uwansa ranar makoki.

Mutanen nan ba baƙi ba ne a inda suke. 'Yan Sudan ne, can aka binne kakanninsu, can suka yi noma, can suke da haƙƙi. Ba kiran su dawo suke jira daga gare mu ba. Abin da ke kanmu shi ne mu san su. Malamin tarihi da ya kai ɗalibansa Burmi, ya ƙarasa da su Mai Wurno. Jami'o'inmu na Sakkwato da Kano da Zariya su naɗi labaran dattawan can tun suna raye, musamman yanzu da yaƙi ya warwatsa iyalai. Wanda ya gamu da su a Makka ko Madina ya zauna ya tambayi asali, a yi musayar lamba. Zumunta a ƙafa take, kuma kakanninsu sun riga sun taka rabonsu, saura namu.