Wanda Ya Sayar Da Gora, Shi Zai Kwashe Ta

Disamba ta ƙarato, masu otal da masu karɓar kuɗin shiga bakin teku daga Elegushi zuwa Tarkwa Bay a Legas sun fara gyaran rumfuna suna jiran baƙi. Tanadin da ba mu ji an yi ba shi ne na gorunan ruwa da na lemo da za a watsar a kan yashi har teku ta janye su.

A Yunin 2024 Gwamnatin Tarayya ta haramta robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta, ta ce daga Janairun 2025 haramcin zai game ƙasa. Janairun ya zo ya wuce, shiru kake ji. Legas ta fi ƙoƙari: ta hana mazubin abinci na soso a 2024, ta faɗaɗa dokar a Yulin 2025. Amma gorar roba da ledar fiya wata an bar wa kamfanoni su tattara da kansu, kuma kowa ya ga yadda gaɓar take.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. A da kwalbar lemo ba ta zama shara, domin mai kanti ba ya sakinta sai ka ajiye kuɗi, kamfani ya wanke ta ya sake cikawa. A ɗora irin wannan kuɗin ajiya a kan kowace gora. Duk otal ko wurin shaƙatawa da bai kafa wurin karɓar gora ba, kada a sabunta masa lasisi. Kenya ta hana shiga bakin tekunta da irin wannan roba tun 2020, baƙi kuma ba su ƙaurace wa Mombasa ba.

Kamfanoni za su ce farashi zai hau. Ai tuni masunta ke biyan farashin, su da ke jawo koma cike da leda.

Ba mu kuma manta da 'yan bola jari ba, da yawansu 'ya'yanmu ne daga Arewa. Shekara da shekaru su ke tsintar gorunan nan suna kai wa masu sarrafawa, ladansu kora da kame da ƙwace baro. A yi musu rajista, a tsayar musu da farashin kilo, a biya su daga aljihun kamfanonin da suka sayar da gorar. Hukumar kare muhalli ta NESREA na da ƙa'idar ɗora wa mai yin kaya nauyin shararsa. Ta fito ta faɗa mana, kafin bukukuwan ƙarshen shekara, kamfani nawa ta hukunta a kanta.