Faɗakarwa a kan kiran gwani daga waje

Ya ku malamai da almajirai, ku sani ba aibi ba ne ma'aikata ta kira gwani daga waje idan aikin na'ura ya fi ƙarfin mutanenta. Aibin shi ne girman kai ya hana tambaya har dukiyar jama'a ta salwanta. Maigida ya san gidansa, amma in rijiya za a haƙa, mai sana'ar ake kira.

Ga hujja. A shekarar 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, domin a shaida kowane mai ajiya da zanen yatsunsa. Aka ɗauko kamfanin Dermalog na Jamus ya kafa na'urorin, riƙon aikin kuwa yana hannun NIBSS na gida.

Amma fa da sharaɗi. A 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe Healthcare.gov domin inshorar lafiya. Kamfanoni da yawa suka gina shi, babu mai riƙe da linzami, ranar farko mutum 6 kaɗai suka samu rajista. Sai da aka tara gwanaye ƙarƙashin shugaba guda, sannan ya miƙe cikin wata 2.

Saboda haka sharuɗɗan uku ne: a bincika aikin gwani na baya, a naɗa mutum guda mai amsa tambaya, a rubuta cikin yarjejeniya cewa zai koya wa 'yan gida kafin ya tafi. Wanda ya saki na ukun, ya zauna cikin biyan baƙo har abada.

Haza wassalam.