Murfin rami da mai sayen ƙarfe

A shekarar 2019, majalisar birnin Berkeley na jihar Kaliforniya a Amurka ta cire kalmar "manhole" daga kundin dokokinta, ta sa wadda ke nufin ramin gyara, saboda tsohon sunan na maza ne alhali mata ma suna wannan aiki. An yi musu dariya, amma sabon sunan ya faɗi gaskiyar aikin ramin. Ƙofa ce da ma'aikaci ke bi ya sauka ƙarƙashin titi, ya duba magudanar ruwa, bututu ko wayoyi. Akan yi murfin da'ira ne don duk yadda aka juya shi ba zai rufta ciki ba.

Mu a Abuja murfin ne ke ɓacewa. A Janairun 2025 'yan sanda suka sanar da kama mutum 50 da ƙwato murafe 25. Hukumar birnin tarayya ta haramta sana'ar baban bola a cikin gari, ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Mai bin titunan birnin ya san alamar: rami baki buɗe, wani bawan Allah ya soka reshen bishiya ko ya aza tsohuwar taya. Da damina ruwa ya shafe komai, sai ƙafar yaro ko tayar babur ta gano wurin.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Murfin nan zubin ƙarfe ne mai nauyi, kuma mai tura kura ba shi da tukunyar narka shi. Akwai mai ɗora shi a sikeli, akwai dillalin da ke loda shi a mota, akwai masana'antar da ke mayar da shi rodi. Dukkansu sun san ba daga bola ya fito ba. Korar 'yan jari bola kaf hukunci ne a kan ɗimbin matasa masu neman halal, alhali mai saye yana nan da sikelinsa.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. A yi wa dillalan ƙarfe rajista, a buga wa kowane murfi lamba, wanda aka samu da shi a shago ko a bakin injin narka ya gurfana a kotu. Sababbin murafe kuma a yi su da kankare ko wani abin da ba ya kuɗi a panteka. Sannan hukuma ta ɗaura wa kanta wa'adi: ramin da aka kai rahotonsa kada ya kwana biyu a buɗe.