Mama, Simba ne ya kashe babansa?

Ranar Asabar na dawo daga aikin dare a gajiye, na tarar da ɗana mai shekara shida yana kallon The Lion King a wayar babansa. Da aka zo inda Mufasa ya faɗo daga dutse, sai ya juyo ya yi mini tambayar da ke sama.

Iyaye mata, wannan wajen ba a banza aka sa shi ba. Fim ɗin, wanda Disney ya fitar a 1994, ya ari ƙashin labarinsa daga Hamlet na Shakespeare, inda ɗan'uwan sarki ya kashe shi ya haye karaga. Masu shirya shi sun ce sun duba labarin Annabi Yusuf da Annabi Musa (AS) ma. A 1991 wasunsu suka je gandun dajin Hell's Gate a Kenya don ganin ƙasar da idonsu. Sunan Simba kuwa zaki ne da harshen Swahili.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Hans Zimmer, mai kiɗan fim ɗin. Yana ƙarami ya rasa mahaifinsa, kuma ya ce kiɗan mutuwar Mufasa makokin nasa uban ne.

A asibiti na sha ganin yaron da aka yi wa rasuwa yana zaton laifinsa ne, kamar yadda Scar ya cusa wa Simba. Shi ya sa ban tsallake wajen ba. Na ce masa a'a, Scar ne. Bai yarda ba sai da na mayar da fim ɗin baya ya gani.