Mai tashi daga gida, ɗauki reshe ka bar uwar

Idan iyali za su tashi daga tsohon gida a Gumel zuwa sabon fili a bayan gari, bayan an loda gado da tukwane akan koma da fartanya a tuge lemun tsami ko gwaibar da ta shekara biyar a tsakar gida. Yawancin irin wannan dashe ba ya kai labari, dalilin kuma yana cikin ƙasar. Daga Maigatari har Sule Tankarkar rairayi ne. Da an ɗaga shukar sai ya zube, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa su tsinke ko su bushe tun a hanya. Damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba ce kawai. Wanda ya dasa a Afrilu ya miƙa bishiya mai rauni ga zafin da kan wuce digiri 40.

A ganina reshe ya kamata a ɗauka. Zogale na kamawa daga sandar da aka kafa, lalle ma haka, har furen nan mai ƙaya da ake kira ros. Dabino kuwa 'ya'yan gindinsa ake cirewa, wanda hakan ne ma ke tabbatar da cewa mace aka samu, idan uwar mace ce. Ƙaramar shuka kaɗai ta cancanci haƙa: a shayar da ita tun dare, a haƙa da faɗi, a naɗe ƙasar da buhu, a rage ganye, a dasa da yamma.

Za a ce tashi ba ya jiran damina. Haya kan ƙare, ma'aikaci kan samu canjin wuri. Gaskiya ne, amma hudajjen bokiti a inuwa da ruwan alwala sun isa rainon reshe har Agusta. Wani zai ce bishiyar guminsa ce, mai shigowa ma sarewa zai yi. Zai iya, sai dai wadda aka bari tana da sauran dama, wadda aka tuge kusan ba ta da ita.

Sabon filin ma a duba shi kafin a share. Manoman Maradi, tun shekarun 1980, tohon kututture suka riƙa rena har bishiyoyi suka dawo a miliyoyin hekta na kudancin Nijar. Kututturen gawo ko kurna da ke kusurwar fili saiwarsa ta riga ta yi nisa, don haka a gaya wa magini ya kauce masa.